Queen's Park ta Glasgow: Kulob Ɗin Da Ya Shekara 152 Bai Biya Ɗan Wasa Ko Sisi Ba

A watan Afrilun 1937 mutum sama da 149,000 suka cika filin Hampden da ke birnin Glasgow domin kallon wasan Sikotilan da Ingila. Har yau ba a sake tara jama'a haka a wasan ƙasa da ƙasa a nahiyar Turai ba. Bayan mako guda, wasu sama da 147,000 suka koma filin don wasan ƙarshe na Kofin Sikotilan tsakanin Celtic da Aberdeen. A lokacin babu filin ƙwallo a duniya da ya kai Hampden girma, kuma haka ya ci gaba da zama har sai da Brazil ta buɗe Maracanã a 1950. Filin nan kuwa a wancan lokaci ba na gwamnati ba ne, ba na hukumar ƙwallon ƙasar ba ne, ba kuma na Celtic ko Rangers ba. Mallakin wani kulob ne mai suna Queen's Park, wanda 'yan wasansa akawu ne da ɗalibai da masu koyon sana'a, kowa ya tashi daga aikinsa ya zo ya buga, ya koma gida ba tare da an sa masa ko kwabo a aljihu ba.

Yadda aka yi kulob ɗin da ba ya biyan albashi ya mallaki filin da ya fi kowane girma, da yadda ya sauko daga zakaran ƙasa zuwa mai buga wasa a gaban 'yan ɗaruruwan mutane, labari ɗaya ne. Queen's Park ce ta nuna wa Birtaniya cewa iya taka leda fasaha ce da ake koya, kuma jama'a za su biya kuɗi su kalla. Da wannan ya tabbata, sai fasahar ta zama haja, masu kuɗi suka shigo saye, ita kuwa ta ce ba ta saye ba ta sayarwa.

An kafa kulob ɗin ran 9 ga Yulin 1867, a wani gida mai lamba 3 a layin Eglinton Terrace, kudancin Glasgow. Littafin taronsu na farko ya rubuta cewa da ƙarfe takwas da rabi na dare wasu mutane suka haɗu da nufin kafa kulob ɗin ƙwallo, suka zaɓi Mungo Ritchie ya zama shugaba. Sunan kuma daga wurin shaƙatawar da suke buga wasa a cikinsa suka aro shi. Yana da kyau a san su wane ne waɗannan mutane, domin nan ne mabuɗin komai. A Ingila, waɗanda suka rubuta dokokin ƙwallo a 1863 akasarinsu tsofaffin ɗaliban makarantun 'ya'yan manya ne irin su Eton da Harrow. Na Glasgow ba su kai nan ba. Matasa ne masu aikin ofis da ƙananan 'yan kasuwa, da yawansu baƙi ne da suka gangaro daga arewacin ƙasar neman abin yi. Amma kuma ba leburorin masaƙa ko na ma'aikatar ƙera jirgin ruwa ba ne. Suna da albashin wata, suna da yammacin Asabar a hannunsu, kuma in ɗayansu ya ji ciwo a ƙafa zai iya ɗingisawa ya je ya zauna a kujerar ofis ran Litinin. Taken da suka ɗauka da harshen Latin, wato a yi wasa don wasan kansa, ya yi daidai da rayuwar mutum irin wannan.

Matsalarsu ta farko ita ce rashin abokan karawa. Ƙwallon da aka fi sani a Sikotilan a lokacin ita ce rugbi, wadda ake runguma a ruga da ita. Sai a watan Agustan 1868 suka samu wasansu na farko da wani kulob, Thistle, suka ci biyu da nema. Kafin nan da bayan nan, tsakaninsu suke rabuwa gida biyu su fafata: yau masu nauyi da marasa nauyi, gobe masu shan taba da waɗanda ba sa sha. Abin kamar wasan yara, amma ya haifar da abin da babu kulob ɗin da yake da shi a wancan zamani, wato mutanen da suka shekara da shekaru suna wasa tare har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya.

A Ingila ta wancan lokaci, gwani shi ne wanda zai ɗauki ƙwallo ya sunkuyar da kai ya yi ta yanka har sai an ƙwace ko ya kai raga. Sauran abokansa suna biye da shi a baya kamar zuga, in ta kuɓuce masa wani ya ɗora daga inda ya tsaya. Miƙa wa wani ƙwallo kuwa ana yi masa kallon ragwanci. Dokar satar gida ta farko ma ba ta bar ƙofar tura ƙwallo gaba ba, sai da aka sassauta ta a 1866. 'Yan Queen's Park da suka tsara nasu dokokin sun fi haka sassauci, don haka tun da wuri suka saba da ba-ni-in-ba-ka: gajerun fasin, mutum biyu-biyu a kowane ɓangare, ƙwallo tana tafiya maimakon mutum ya yi ta tafiya da ita. Ba su kaɗai suka taɓa gwada haka ba. Kulob ɗin sojojin Royal Engineers da kulob-kulob ɗin Sheffield su ma an shaide su da miƙa wa juna ƙwallo, kuma masu tarihi na ɓangarorin biyu har yau suna jan wannan igiya. A ganina gardamar wa ya fara ba ta da wani amfani sosai. Wanda ya mai da abin tsari, ya yi ta cin wasa da shi har abokan gaba suka ga dole su kwaikwaya, shi ne Queen's Park.

An ga haka ƙarara ran 30 ga Nuwamban 1872, a filin kurket na Hamilton Crescent da ke unguwar Partick, ranar da aka buga wasan ƙasa da ƙasa na farko a tarihin ƙwallon ƙafa. Sikotilan ba ta da hukumar ƙwallo tukuna, saboda haka Queen's Park ce ta shirya wasan, ta ɗauki nauyinsa, ta kuma ba da 'yan wasa goma sha ɗaya cif daga cikin mambobinta. Mai tsaron gida Robert Gardner shi ne kyaftin, shi ya zaɓi mutanen. Shuɗiyar rigar kulob ɗin suka saka, kuma ita ce ta zama rigar Sikotilan har gobe. Kulob ɗin ya koma sa mai ratsin baƙi da fari a shekara mai zuwa, wadda ake dangantawa da laƙabinsu na Gizo-gizo. 'Yan kallo kusan 4,000 suka halarta, kuɗin shiga kuma sule ɗaya ne. Ingilawa sun fi su jiki da nauyi, kuma kusan dukkansu 'yan gaba ne, yayin da Sikotawa suka tsaya biyu a baya, biyu a tsakiya, shida a gaba. An tashi babu ci. Amma kuɗin ƙofar nan sun koya wa shugabannin kulob ɗin darasin da ba su taɓa mantawa ba, domin a shekara mai zuwa suka kama fili nasu na kansu, suka kewaye shi, suka sa masa suna Hampden.

Darasin ya zo a kan gaɓa, don a watan Maris na 1872 talauci ya riga ya nuna musu iyakarsu. Sun shiga gasar farko ta Kofin FA, wato kofin hukumar ƙwallon Ingila, har sun ba da gudummawar fam ɗaya da sule ɗaya wajen sayen kofin. Saboda nisa aka ɗaga musu ƙafa har zagayen kusa da na ƙarshe, aka yi karo-karo aka tura su Landan, suka riƙe Wanderers, ɗaya daga manyan kulob-kulob ɗin Ingila na lokacin, canjaras babu ci. Aka ce a sake wasa, suka duba aljihu babu kuɗin ƙara kwana ko na dawowa, suka janye. Wanderers ta wuce ta ɗauki kofin.

A gida kuwa babu mai ja da su. Su suka kira taron da ya kafa hukumar ƙwallon Sikotilan a watan Maris na 1873, su suka ci Kofin Sikotilan na farko a 1874 bayan doke Clydesdale biyu da nema, a wasan da Gardner ɗin nan ya tsare ragar abokan hamayya domin ya riga ya sauya sheƙa. Tun kafa kulob ɗin ba a zura musu ƙwallo ko ɗaya ba sai a watan Janairun 1875, lokacin da Vale of Leven ta karya wannan lago, kuma ba a doke su ba sai a 1876. Sun ci kofin sau uku a jere daga 1874, suka sake yin uku a jere daga 1880. Ɗan tsakiyarsu Charles Campbell shi kaɗai ya tara lambobin kofin guda takwas. Suna kuma yawon koyar da wasan: wasan nuni da suka buga a Belfast a 1878 yana cikin abin da ya dasa ƙwallon ƙafa a Ailan.

A cikin wannan zamani na ɗaukaka ne Andrew Watson ya shigo, kuma labarinsa ya cancanci a tsaya a kansa. An haife shi a 1856 a Demerara, a ƙasar da yanzu ake kira Guyana. Mahaifinsa, Peter Miller Watson, attajiri ne ɗan Sikotilan mai harkar gonakin rake, mahaifiyarsa Hannah Rose baƙar fata ce 'yar ƙasar. An kawo shi Birtaniya yana yaro, ya yi makarantun masu hali, uban ya rasu ya bar masa gado mai tsoka, ya shiga Jami'ar Glasgow a 1875. Ya buga wa Maxwell da Parkgrove kafin Queen's Park ta ɗauke shi a 1880 a matsayin ɗan baya. Ran 12 ga Maris 1881 ya saka rigar Sikotilan a karon farko, kuma a matsayin kyaftin, suka je Landan suka lallasa Ingila da ci 6-1. Har yau Ingila ba ta sha kashi mafi muni a gidanta ba. Bayan kwana biyu suka ci Wales 5-1, a 1882 kuma suka sake yi wa Ingila 5-1 a Glasgow. Wasa uku ke nan da ya buga wa ƙasar, domin daga nan ya koma Landan da zama, kuma a lokacin Sikotilan ba ta gayyatar wanda ke wasa a waje. Ya ci Kofin Sikotilan da Queen's Park a 1881 da 1882, ya dawo ya ƙara a 1886.

Shi ne baƙar fata na farko da ya buga wasan ƙasa da ƙasa a ƙwallon ƙafa, amma sai tarihi ya yi barci a kansa kusan shekara ɗari. An daɗe ana ɗauka Arthur Wharton, haifaffen Accra, shi ne baƙin mutum na farko da ya yi suna a ƙwallon Birtaniya. An ma daɗe ana cewa Watson a Ostareliya ya mutu, sai daga baya masu bincike suka gano a Landan ya rasu a 1921, kabarinsa yana Richmond. Akwai masu ɗaukar labarinsa a matsayin shaidar cewa mutanen wancan zamani ba su damu da launin fata ba. Ni dai ban yarda da saurin wannan hukunci ba. Abin da labarin ya fi nunawa shi ne a duniyar 'yan wasan sha'awa, tambayar farko ita ce ko kai ɗan gidan wane ne, kuma kana da abin da za ka ci ba tare da ƙwallo ba? Watson yana da ilimi, yana da dukiya, ya iya zama da manya. Shi ya sa har Corinthians, kulob ɗin da ya fi kowane taƙama da 'ya'yan manya a Ingila, ya gayyace shi ya buga musu. Dukiyar da ta ba shi damar yin wasa kyauta kuwa daga gonakin rake ta fito, gonakin da aka gina da gumin bayi. Ba laifinsa ba ne, amma bai kamata a ba da labarin a tsallake wannan ba.

Ita kanta Corinthians an kafa ta ne a 1882 saboda irin wannan kashi da Ingila ke sha. Daga 1880 zuwa 1884 Sikotilan ta ci Ingila sau biyar a jere. Manyan Landan suka ga mafita ita ce su tara gwanayensu a kulob ɗaya su riƙa wasa tare, yadda 'yan Queen's Park suke yi. Masu masaƙun Lancashire da ke arewacin Ingila kuwa sai suka ga wata hanya mafi sauƙi: tunda Sikotawa sun iya, a sayo su.

Tun 1878 Fergus Suter da James Love suka bar kulob ɗin Partick na Glasgow suka koma Darwen ta Lancashire. Suter magini ne mai sassaƙa dutse, amma ba a daɗe ba aka daina ganinsa a wurin aiki, kuma bai rame ba. Bayansu aka yi ta kwarara. Kulob zai samar wa ɗan wasa aikin suna kawai a masaƙa, ko ya buɗe masa shago, ko a tura masa kuɗi a ɓoye bayan wasa. Ingilawa suka riƙa kiran waɗannan baƙi farfesoshin Sikotilan, don sun zo koyar da su wasa. A 1884 asiri ya tonu: kulob ɗin Upton Park na Landan ya kai ƙarar Preston North End, shugaban Preston William Sudell ya amsa cewa lallai yana biyan 'yan wasansa, aka kore su daga Kofin FA. Kulob-kulob ɗin arewa suka yi barazanar ɓallewa su kafa tasu hukumar, a 1885 hukumar Ingila ta sakko ta halatta biyan albashi. Preston ɗin da ta ci lig na farko a 1889 ba tare da an doke ta ba cike take da Sikotawa. Tawagar farko da Liverpool ta fitar a 1892 kuwa dukkanta Sikotawa ne.

Queen's Park ta ci karo da wannan sabuwar duniya ido da ido sau biyu. A 1884 ta ratsa gasar Kofin FA kamar wuta a busasshiyar ciyawa, ta yi wa Aston Villa 6-1, ta kai wasan ƙarshe, Blackburn Rovers ta doke ta 2-1 a wasan da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa, saboda dokar satar gida ta Ingila ta bambanta da wadda suka saba da ita a gida. A 1885 suka sake haɗuwa, Rovers ta sake ci 2-0. A cikin 'yan bayan Rovers a wasannin biyu akwai Fergus Suter. Salon da aka ƙirƙiro a Glasgow ne aka juyo da shi aka doke masu shi. Har yau Queen's Park ce kaɗai kulob ɗin Sikotilan da ya taɓa buga wasan ƙarshe na Kofin FA, don a 1887 hukumar Sikotilan ta hana kulob-kulob ɗinta shiga gasar.

A nan ne ya kamata a yi wa ɓangarorin biyu adalci. Hujjar Queen's Park ba shirme ba ce. Suna cewa in kuɗi ya shigo, manyan kulob-kulob na birni za su haɗiye na ƙauye, kuma haka ɗin aka yi. Renton, kulob ɗin wani ƙaramin gari a gundumar Dunbarton, ya ci Kofin Sikotilan a 1888, ya doke West Bromwich Albion mai riƙe da Kofin FA da ci 4-1, har ya yi wa kansa kirarin zakaran duniya. Cikin 'yan shekaru aka wawashe 'yan wasansa, wasu zuwa Celtic wasu zuwa Ingila, kulob ɗin ya yi ta ja da baya har ya mutu a 1922. Amma ga ɗaya gefen. Saurayin da ke aiki a ma'aikatar rini a Renton, in ya bar aiki don ya je wasa, an yanke masa kuɗin ranar. In ya karye, gidansu ya shiga yunwa. Ga dubban mutane suna biyan kuɗin ƙofa don su kalle shi. A ce masa karɓar wani abu daga cikin kuɗin nan ƙazanta ce, magana ce da ta fi daɗi a bakin mai albashin wata. Kuma Queen's Park ba ta taɓa ƙyamar kuɗin ƙofa ba. Abin da ta haramta shi ne kuɗin ya shiga aljihun ɗan wasa.

Da aka kafa gasar lig ta Sikotilan a 1890, Queen's Park ta ƙi shiga, tana ganin hanya ce ta shigo da albashi ta bayan gida. Sakamakon ya zo da sauri: manyan abokan karawa duk ranakun Asabar ɗinsu sun cika da wasannin lig, aka bar ta da wasannin sada zumunci. A 1893 ta doke Celtic 2-1 ta ɗauki Kofin Sikotilan karo na goma. A wannan shekarar ce hukumar ƙasar ta halatta biyan 'yan wasa, kuma daga ranar kulob ɗin bai sake ɗaga kofin ba. Abin mamaki, goman nan har yau Celtic da Rangers ne kaɗai suka wuce ta. A 1900 ta haƙura ta shiga lig, aka sa ta kai tsaye a rukunin farko, aka kuma daɗe ana kare ta daga faɗawa ƙasa saboda girman tarihinta, har zuwa 1922.

Kuɗin da ba a biya 'yan wasa ba, a ƙasa da siminti aka zuba su. Daga Hampden na farko da hanyar jirgin ƙasa ta tashe su, suka koma na biyu a 1884, suka buɗe na uku a watan Oktoban 1903 da nasarar 1-0 a kan Celtic. Daga nan kulob ɗin ya zama mai gidan haya na ƙwallon Sikotilan: wasan ƙarshe na kofi a wurinsa, wasan ƙasa a wurinsa, har wasan ƙarshe na Kofin Turai na 1960 da Real Madrid ta ci Eintracht Frankfurt 7-3. Wannan ne ya sa bai bi sahun Renton ba, ko Third Lanark da ta gaji Hampden na biyu ta kuma rushe a 1967. Wato aƙidar wasa kyauta ta rayu ne da kuɗin da ƙwararrun 'yan wasan wasu kulob-kulob suke jawowa ƙofar filinta.

'Yan wasan kuma suka mai da kulob ɗin makaranta. Robert Smyth McColl ya ci Ingila ƙwallo uku shi kaɗai a 1900 yana ɗan Queen's Park, a 1901 Newcastle ta ɗauke shi, ya zuba wani kaso na kuɗin sa hannunsa a shagon alewa da suka buɗe da ɗan'uwansa, shagon da ya yaɗu ya zama rassa a faɗin ƙasar da sunan RS McColl. Bayan ya buga wa Rangers sai ya nemi komawa gida, aka yi masa alfarmar da ba a saba yi wa wanda ya taɓa karɓar albashi ba, aka mai da shi a 1907. Alan Morton, injiniyan haƙar ma'adinai, ya koma Rangers a 1920. A ƙarshen shekarun 1930 mai tsaron gidansu Bamisire ne, Mustafa Mansour, wanda ya tsare wa Masar raga a Kofin Duniya na 1934, ya zo Glasgow karatun koyar da wasanni, daga baya kuma ya zama babban sakataren hukumar ƙwallon Afirka. Ronnie Simpson ya fara kama musu yana ɗan shekara 14, ya je ya ci Kofin Turai da Celtic a 1967. Alex Ferguson yana ɗan shekara 16, yana koyon aikin ƙira a masana'anta, ya fara buga musu a 1958, shekarar da kulob ɗin ya faɗo daga rukunin farko bai kuma sake komawa ba.

Na baya-bayan nan da masu zuwa gidajen kallo suka sani shi ne Andy Robertson. Celtic ta sallame shi yana yaro, Queen's Park ta karɓe shi, ya buga kakar 2012 zuwa 2013 a rukuni na huɗu yana haɗawa da aikin amsa waya a ofishin Hampden. Daga nan Dundee United, sai Hull City, sai Liverpool a 2017, inda ya ci Kofin Zakarun Turai a 2019. Labarinsa abin alfahari ne ga kulob ɗin, amma shi ne kuma ya fi tona rauninsa. Ɗan wasan sha'awa ba shi da kwantiragin da ke ɗaure shi, don haka ba a sayar da shi yadda sauran kulob-kulob ke sayar da nasu. Ka raini yaro shekara da shekaru, ranar da ya nuna sai wani ya zo ya tsinke.

Abubuwa uku suka haɗu suka karya gadon bayan tsohuwar aƙidar. Na farko wannan asarar 'yan wasa. Na biyu shi ne filin kansa. Gyaran da aka yi wa Hampden a shekarun 1990 ya ci kuɗi fiye da lissafi, ya kusa durƙusar da kulob ɗin, har aka ceto shi da yarjejeniyar ba hukumar ƙwallon ƙasar hayar filin na shekara ashirin. Da wa'adin ya kusa cika, hukumar ta fito fili tana duba yiwuwar kwashe wasanninta zuwa Murrayfield, filin rugbi na Edinburgh. Kulob ɗin da 'yan kallonsa ba su wuce ɗaruruwa ba a filin mai kujera kusan 52,000 ba shi da bakin ciniki. A 2018 ya amince ya sayar da Hampden a kan fam miliyan biyar, kuɗin haya ya yanke. Na uku, an buɗe ƙofar faɗawa daga rukuni na huɗu zuwa gasannin yanki, abin da babu shi a da. Kulob ɗin da ya kafa hukumar ƙwallon ƙasar zai iya wayar gari ba ya cikin lig ɗin ma gaba ɗaya.

A watan Nuwamban 2019 mambobi suka kaɗa ƙuri'a, kashi 91 cikin ɗari suka amince a fara biyan albashi. Da tallafin attajirin Glasgow Willie Haughey aka ɗauko ƙwararru, kulob ɗin ya ci rukuni na huɗu a 2021, ya sake haurawa a 2022 zuwa rukuni na biyu, a 2023 har ya kai wasan ƙarshe na kaka yana neman hayewa rukunin farko kafin Dundee ta doke shi 5-3. A watan Fabrairun 2025 ya je Ibrox, filin Rangers, ya fitar da ita daga Kofin Sikotilan da ci ɗaya mai ban haushi, mai tsaron gida Calum Ferrie ya tare fenariti a ƙarin lokaci. Saurin wannan hawa ya nuna irin nauyin da kulob ɗin ya daɗe yana ɗauke da shi da gangan. Sai dai kuɗin da aka kashe a wannan hawa ba daga ƙofar fili ya fito ba, don magoya bayan ba su ƙaru yadda albashin ya ƙaru ba, kuma babu sauran Hampden da za a jingina da shi in mai tallafi ya janye hannu.